Tana, Gizo-gizo da Kurciya: Halittun da Ke Ba da Shaida Kan Lafiyar Gona

A shekarar 1989 wasu masu nazarin ƙwari a garin Krefeld na ƙasar Jamus, yawancinsu 'yan sa-kai, suka tsiri wani aiki mai cin rai. Sukan kafa tarko na yadin raga mai siffar ƙaramin tanti a filayen da hukuma ta keɓe don kare tsirrai da namun daji. Duk ƙwaron da ya taso ya ci karo da yadin sai ya yi sama yana neman haske, ya zurma cikin wata kwalba mai sinadarin hana ruɓewa. Bayan 'yan kwanaki sai su zo su sauya kwalba, su tsane ƙwarin, su ɗora a sikeli, su rubuta nauyi da kwanan wata. Haka suka yi ta yi har shekara 27.

Da aka haɗa alƙaluman wurare 63 aka wallafa su a 2017, hankalin masana ya tashi. Nauyin ƙwarin da ke faɗawa tarkon ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. Ga shi kuma ba a gona aka kafa tarkunan ba, a wuraren da ake karewa ne. Sai dai kusan dukkansu gonaki ne suka yi masu ƙawanya, kuma da aka lissafa sauyin yanayi da sauyin tsirran wuraren, ba su isa su jawo raguwa mai yawa haka ba. Zargi ya karkata ga irin noman da ake yi a maƙwabta.

Babu na'urar da ta hango wannan al'amari. Rashin ƙwarin ne ya tona shi. A kan irin wannan aka gina wani fanni na ilimin muhalli da ke ƙara samun karɓuwa: idan ana son sanin abin da noma ke yi wa ƙasa da ruwa, a ƙirga halittun da ke zaune a wurin, a ga wa ya rage, wa ya tafi, wa kuma ya yi yawa fiye da kima.

Me ake aunawa?

Idan aka ce an tsananta noma, ana nufin an matsa wa ƙasa ta ba da amfani mai yawa ba hutu: takin zamani buhu-buhu, feshin maganin ƙwari da na ciyawa, huɗar tarakta mai zurfi, shuka iri ɗaya daga wannan iyaka zuwa waccan, sare itatuwa da shingaye don inji ya samu hanya, da daina barin saura. Wannan salo ya ciyar da biliyoyin mutane, ba mai musun haka. Abin tambaya shi ne ɗawainiyar da ƙasa da ruwa ke sha a ɓoye, da yadda za a gane an wuce gona da iri tun ɓarnar ba ta iso rumbu ba.

Ana iya ɗibar ƙasa ko ruwa a kai ɗakin gwaji. Amma gwajin na da tsada, kuma halin ranar da aka ɗiba kaɗai yake nunawa. Idan an yi feshi ranar Talata, ruwan sama ya wanke maganin zuwa rafi da daddare, mai ɗibar ruwa ya zo bayan mako biyu, da wuya ya tarar da wani abu. Ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsun rafin kuwa sun sha abin da ya wuce, kuma gurbin da suka bari zai daɗe yana nunawa. Makiyayi ba ya jiran awon jini kafin ya san saniyarsa ba lafiya. Gashinta da ya tashi, da hancinta da ya bushe, da tuƙar da ta daina sun ishe shi. Da irin wannan ido masanan ke duban gona.

Ba kowace halitta ce ta dace da aikin ba. Sai wadda ke da sauƙin samu da ganewa, wadda sauyi ke saurin taɓawa, wadda kuma aka san abin da ke raya ta da abin da ke kashe ta. Wani shirin bincike da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2009 zuwa 2012, mai suna BioBio, ya gwada ma'aunai da yawa a gonakin Turai, ya kuma jarraba su a Uganda da Tunisiya. Rukuni huɗu ya tsayar: tsirrai, da tana, da gizo-gizo, da ƙudan zuma na daji. Kowane rukuni da aikin da yake wakilta. Tsirrai su ne tushen abinci, tana ke sarrafa ruɓaɓɓen ganye ya koma taki, gizo-gizo ke farautar ƙwarin da ke cin shuka, ƙudan zuma ke barbarar fure.

Abin da tsuntsaye suka fara faɗa

Tsuntsaye ne suka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, maganin ƙwari na DDT ya bazu a gonakin Turai da Amurka, har wanda ya gano ƙarfinsa, Paul Müller, ya karɓi kyautar Nobel a 1948. Ba a jima ba aka fara tarar da fasassun ƙwai a sheƙar wani nau'in shaho a Birtaniya. Wani masani, Derek Ratcliffe, ya bi gidajen tarihi da ɗakunan masu tara ƙwan tsuntsaye, ya auna ɓawon tsofaffin ƙwai da na sababbi. A 1967 ya nuna cewa tun wajen 1947 ɓawon ya rage kauri da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gubar na bi daga ƙwaro da tsaba zuwa ƙaramin tsuntsu, daga nan zuwa shaho, tana taruwa a kowane mataki, har uwa ta kwanta kan ƙwanta ya fashe. Littafin da wata masaniya, Rachel Carson, ta wallafa a 1962 kan illar irin wannan magani ya riga ya farkar da jama'a, kuma a 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gona. Da aka daina, shahon ya dawo.

Labarin wata tsuntsuwa 'yar'uwar fakara a kudancin Ingila ya fi wannan koyarwa, domin ita ba guba ce ta kashe ta ba. Wani masani, Dick Potts, da abokan aikinsa sun fara bin diddiginta a gonakin Sussex tun ƙarshen shekarun 1960. Suka gano cewa 'yan tsakinta, a makonnin farko, ƙwari kaɗai suke iya rayuwa a kai. Ƙwarin kuma a jikin ciyayi masu faɗin ganye suke zama. Maganin ciyawa ya share ciyayin, ƙwarin suka rasa masauki, 'yan tsakin suka mutu da yunwa a tsakiyar gonar alkama mai kyan gani. Da aka gwada barin 'yan mitoci a gefen gona ba feshi, 'yan tsakin da ke rayuwa suka ƙaru.

Yau gwamnatin Birtaniya na fitar da ƙididdigar nau'in tsuntsayen gona 19 a matsayin ma'aunin hukuma, kuma yawansu ya faɗi da fiye da rabi tun 1970. Wani babban nazari na 2023 da ya haɗa ƙasashen Turai 28 da nau'in tsuntsaye 170 ya nuna tsuntsayen gona sun ragu da kashi 57 cikin 100 daga 1980 zuwa 2016, ya kuma ɗora mafi girman alhakin a kan yawan feshi da takin zamani.

Cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai kurciyar Turai, wadda ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a Birtaniya. Wannan kurciya baƙuwar Afirka ta Yamma ce. Idan sanyi ya shigo can sai ta ƙetaro Sahara ta yi watanni a yankin Sahel, tana tsintar tsaba, tana kwana a kan itatuwan ƙaya kusa da ruwa. Rayuwarta ta dogara ga gonakin nahiya biyu.

A tona ƙasa a gani

Littafin ƙarshe da Charles Darwin ya wallafa, a 1881, a kan tana ne. Ya shafe shekaru yana lura da yadda take haɗiye ƙasa da ganye, tana fitar da su a sama lallausa, tana barin ramukan da ruwa da iska ke bi. Abin da ke cutar da ita sananne ne: huɗa akai-akai na datse ta da rusa ramukanta, kwashe karmami ko ƙone shi na hana ta abinci, wasu magungunan feshi kuma na kashe ta kai tsaye.

A 2018 wata masaniya a cibiyar binciken noma ta Rothamsted, Jackie Stroud, ta roƙi manoman Ingila su ba ta sa'a ɗaya. Aikin ba wuya: manomi ya haƙa ramuka goma a gonarsa, kowanne faɗi da zurfin santimita 20, ya zube ƙasar a kan leda, ya marmashe ta da hannu, ya ware tanar gida uku. Akwai ƙanana jajaye masu zama cikin ganyen sama, akwai masu kodaɗɗen launi da ke yawo a saiwar shuka, akwai kuma manya masu haƙa rami ƙasa can. Sakamakon ya nuna a kusan gona biyu cikin biyar, masu zaman sama ko masu zurfin sun yi ƙaranci ko babu su, alamar an wahalar da ƙasar da huɗa. Shebur da leda da fensir ne kayan aikin.

A busasshiyar ƙasar Sahel tana ba ta da yawa sai a fadama da lambu. A tudu gara ce ke riƙe da wannan aiki. Manomi na ganin ta a matsayin mai cin rumbu da azara, amma a gona wasu nau'o'inta ma'aikata ne. Hikimar tassa da ta yaɗu a yankin Tawa na Nijar, da zai da marigayi Yacouba Sawadogo ya raya a Burkina Faso, da taimakonta take tafiya: a haƙa rami a fako tun da rani, a zuba taki, gara ta biyo takin ta huda ƙasar da ta daskare, ruwan farko ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu. Idan aka ga toshiyar gara a kan karan da aka shimfiɗa a fako, ƙasar ta fara numfashi.

Buzuzu ma shaida ne, musamman ga makiyaya. Shi ke mulmula kashin shanu ya binne, ƙasa ta samu taki, ƙuda su rasa wurin ƙyanƙyasa. A 1987 wasu masana biyu a Birtaniya suka nuna cewa kashin shanun da aka ba maganin tsutsar ciki na ivermectin kan daɗe bai ruɓe ba, saboda ragowar maganin na kashe ƙwarin da ke cin sa. Wannan magani yanzu yana kasuwannin dabbobi a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Inda kashin shanu ya kwana biyu a damina ba huda ko ɗaya a jikinsa, ya dace a tambayi abin da aka ɗirka wa garken.

Ciyawa ba ta fitowa a banza

A Rothamsted ɗin nan akwai wani fili na ciyawa da aka yanka gida-gida tun 1856, ana zuba wa kowane yanki irin takinsa kowace shekara. Yankin da ba a taɓa sa wa taki ba yana ɗauke da nau'in tsirrai kusan 40. Wanda aka daɗe ana zuba wa wani takin naitrojin mai sa ƙasa tsami ya koma nau'i biyu ko uku. Mai tafiya a filin zai ga iyakar da idonsa, ba sai an nuna masa ba.

A nan manomin ƙasar Hausa ba baƙo ba ne, domin karatun ciyawa ya gada. Ya san zaki-banza da gasaya sun fi son mashekari da bakin juji, inda ƙasa ta ƙoshi. Ya san ƙarangiya 'yar jigawa ce. Tumfafiya idan ta cika fili, an gajiyar da shi da noma ko kiwo. Gamba kuwa idan ta dawo saura ta yi tsayi, ƙasar ta huta, ana iya komawa.

Babbar mai shelar gajiyar ƙasa ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Furenta mai ruwan hoda na da kyau daga nesa, amma kafin ta ɓullo ta riga ta maƙale a saiwar dawa ko gero ko masara tana tsotsa. Tushe ɗaya na zubar da iri dubbai, irin kuma na iya jira a ƙasa fiye da shekara goma. Kimiyya ta gano dalilin da ya sa ta fi yawa a gonar da ta gaji. Idan hatsi ya rasa naitrojin da fosfaras, saiwarsa kan fitar da wani sinadari don kiran wasu ƙwayoyin ƙasa masu taimaka masa tsotso abinci. Irin wuta-wuta na jin wannan sinadari, shi ke tashe shi daga barci. Gwargwadon yunwar shuka, gwargwadon ƙarfin kiran, gwargwadon wuta-wutar da za ta amsa.

Saƙon da take kawowa ya sha bamban da na Turai. Can taki ne ya yi yawa. A nan ana ɗiba daga ƙasa shekara da shekaru ba a mayarwa. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006 kan batun taki, manomin kudu da Sahara kilo 8 kacal yake sa wa hekta a matsakaici, suka ƙudura a kai 50. Don haka gonar da ta yi ja da wuta-wuta taki take roƙo, da juya shuka da wake ko gyaɗa ko waken suya. Feshi kaɗai ba zai amsa mata ba.

Rafi ba ya ɓoye abin da gona ta zubar

Duk abin da aka sa a gona, ƙarshensa ruwa. Tun farkon ƙarni na 20 wasu Jamusawa biyu, Kolkwitz da Marsson, suka tsara yadda za a gane ƙazantar kogi daga halittun cikinsa. Yau Afirka ta Kudu na da irin wannan tsari na hukuma, har da sassauƙan samfuri da ɗaliban makaranta ke amfani da shi. A shiga rafi da ƙaramar koma, a burkuta duwatsu da ƙafa, a juye abin da aka kama a farin faranti. Kowane rukuni na da maki. 'Ya'yan wasu ƙwari da ba sa jure ƙarancin iska a ruwa na da maki mai yawa, 'ya'yan mazari na tsakiya, jajayen tsutsotsin laka da matsattsaku na ƙasa. Idan farantin ya cika da masu ƙaramin maki, rafin na cikin wahala ko da ruwansa garau yake a ido.

Tafkin Shinji na Japan ya nuna yadda abin ke kai wa ga tukunya. A 1993 manoman shinkafar da ke kewaye da shi suka fara amfani da sabon rukunin maganin ƙwari mai suna niyonikotinoyid. Ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci suka rushe. Kamun wani ƙaramin kifi ya faɗo daga kusan tan 240 a shekara zuwa tan 22. Maganin bai kashe kifin ba, abincinsa ya kashe. Irin wannan rukuni ne Tarayyar Turai ta hana amfani da nau'i uku nasa a fili a 2018, saboda illarsa ga ƙudan zuma.

A fadamun Haɗejiya da Nguru kachala ce ke ba da labari. Da can ruwa kan malala da damina ya janye da rani. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da sakin ruwa don noman rani, wasu wurare suka daina bushewa. Kachala na son ruwan da ba ya ƙafewa, sai ta mamaye, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cin shinkafa da gero. Tsayinta a waɗannan fadamun shaida ce ta abin da aka sauya a can sama da Kano.

Ma'aikatan da ba a biya

A shekarun 1970 da 1980 wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa ya addabi shinkafar Indonesiya, yana tsotse ta har gona ta bushe. Ana ƙara feshi, yana ƙara yawa. Bincike ya nuna feshin na kashe gizo-gizo da sauran mafarautan da ke cinye shi, shi kuwa ƙwansa na ɓoye cikin karan shinkafa, yana ƙyanƙyashewa ya tarar ba abokin gaba. A 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magunguna 57 a gonar shinkafa. A 1989 aka fara makarantun manoma a bakin gona tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kowane mako manoma su shiga gona su ƙirga ƙwarin ɓarna da masu farautarsu, su zana a takarda, su yi shawara ko feshi ya wajaba. Sukan sa gizo-gizo da ƙwarin a cikin keji ɗaya su ga da idonsu nawa yake ci a yini. Daga can wannan salon makaranta ya yaɗu har Afirka.

Ƙudan zuma ma'aikata ne na daban. Rahoton ƙwararru na duniya na 2016 ya ce kusan kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona na cin moriyar barbarar ƙwari da sauran halittu. Hatsi ba ya ciki, iska ke yi masa. Amma kankana, da kabewa, da mangwaro, da kuɓewa, da riɗi, da auduga duk suna amfana. Wani bincike a Burkina Faso da aka wallafa a 2017 ya nuna ziyarar ƙudan zuma na ƙara yawa da ingancin auduga da riɗi har zuwa kashi 62 cikin 100. Mai noman riɗi a Jigawa da ya yi feshi da hantsi, fure a buɗe, ƙudan zuma na kai, aljihunsa ya fesa wa magani. Amyar da ta shekara a kan ɗorawa ba ƙudan da suka shiga, ita ma rahoto ce.

A yi karatun da hankali

Ɓacewar halitta na nuna akwai matsala, amma gano mai laifi sai an yi bincike. A Indiya ungulaye sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 cikin shekara goma sha wani abu, aka yi ta zargin wata cuta. Sai a 2004 wani bincike a Pakistan ya gano maganin ciwon jiki ne na diklofenak da ake yi wa shanu allura. Ungulun da ta ci mushen sai ƙodarta ta lalace. Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi shi a 2006. Kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka ƙaru, ciwon haukan kare ya biyo baya. Wasu masana tattalin arziki biyu sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulun ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

A Afirka ta Yamma ma ungulu ta yi ƙaura daga mahauta. Wani masani ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. A 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Amma a nan manyan dalilan su ne gubar da ake sa wa mushe, sau da yawa maganin ƙwarin gona ne, da kamun ta don sayar da sassanta ga masu magani. Alama ɗaya, dalili daban. Fari ma na rage ƙwari da kwaɗi a shekara guda ba tare da laifin kowa ba. Shi ya sa ake haɗa halittu da yawa, a ƙirga su ta hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, shekaru a jere.

Aikin da ke gaba

Yawan noma ba lalle ne ya zama kisan gona ba. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba saura, da takin gida, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, itatuwa kuma na tsaye ana kula da su. A Maraɗi da Damagaram manoma sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 tun tsakiyar shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture ya girma. Gawo, da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, yana kan gaba. Inda itace ya dawo, sheƙa da amya na da wurin zama.

Abin da ke sauyawa da sauri shi ne feshi. Maganin ciyawa ya karɓe aikin fartanya a gonaki masu yawa saboda tsadar ƙwadago, jarkar feshi ta zama kayan aikin kowane matashi, sau da yawa ana haɗa magani biyu ko uku ba a duba takardar jikin kwalba ba. Ƙasashen da suka riga shiga wannan hanya sun gane abin da suka rasa ne saboda wani ya ƙirga tun da wuri ya ajiye. An fara irin wannan a Najeriya: cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015, kuma matasan Arewa na cikin 'yan sa-kan da ke rubuta abin da suka gani da wayar hannu.

Ya kamata a faɗaɗa wannan ya shigo gona. Cibiyar binciken noma ta Samaru, da Cibiyar Noman Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da takwarorinsu na Nijar, na da masanan da za su tsara sassauƙan ma'auni da Hausa, a kan halittun da manomi ya riga ya sani da sunansu. Malaman gona su ɗauke shi zuwa ƙungiyoyin manoma, makarantun sakandare su mai da shi darasin kimiyya. Dattawan da suka san abin da ke fadama shekara arba'in da suka wuce a zauna da su a rubuta tun suna raye.

Mai gona kuwa ba sai ya jira kowa ba. A daminar bana ya ware gefe ɗaya na gonarsa, faɗin taku biyar, kada feshi ya taɓa shi. Ya haƙa rami a nan da cikin gona ya ƙirga abin da ke motsi, ya tsaya minti goma da hantsi a gaban fure ya ƙirga ƙudan da suka sauka, ya ƙirga tushen wuta-wuta a kunya goma. Ya rubuta da kwanan wata a littafi ɗaya, ya maimaita baɗi a daidai wannan lokaci, sannan ya kai littafin wurin malamin gona su duba tare kafin ya sayi maganin shekara mai zuwa.